Tambulan Ɗin da Na Hana Baba Sha

Ko zan manta komai na zamana a Manchester, ban da ranar da na riƙe hannun mahaifina a gaban jama'a.

Lokacin gwamnati na ta tsuke bakin aljihu, aka rufe laburaren da nake ɗan aiki a Salford, kusa da Manchester, na koma wani otal. Da farko kofi nake haɗawa, daga baya aka mayar da ni wajen giya. Na riga na ƙudurta sai na gama digirina ko ta halin ƙaƙa, sai na ja bakina na yi shiru. Har na ƙware a wani haɗi: ƙanƙara a gajeren tambulan, giyar vodka, da wata giya mai ɗanɗanon kofi, sannan in tsiyaya kirim ta bayan cokali ya kwanta a sama fari tas. Ban taɓa kai shi bakina ba, da wannan nake lallashin zuciyata. A gida kuwa babu wanda ya sani.

Baba ya zo daga Kano bikin kammala karatuna. A walimar da aka yi mana da rana, wani ma'aikaci ya gifta da faranti ɗauke da tambulan da yawa, kowanne samansa fari tas. Baba, da ba ya wasa da madara mai kauri, ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya.

“Ashe Turawan nan ma sun san daɗi,” in ji shi.

Kallo ɗaya na yi wa kwanciyar kirim ɗin, na gane shi. Na riƙe hannunsa.

“Baba, kada ku sha. Da giya a ciki.”

Ya shinshina. “Ni ƙamshin kofi nake ji. Kai yaya aka yi ka sani?”

Ƙarya tana bakina, ta kusa fitowa. Na haɗiye ta.

“Irinsa nake haɗawa a wurin aiki, Baba.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye tambulan ɗin a hankali.

“Kana sha?”

“Wallahi ban taɓa ba.”

“To, ni ka hana ni. Waɗanda kake miƙa wa fa, su ba iyayen wasu ba ne?”

Kunyar da na ji ranar, har yau ban sake jin irinta ba. Washegari na tari manaja na ce ko ya mayar da ni kicin, ko in ajiye aikin. Wanke-wanke ya ba ni, na yi ta yi har fatar hannuna ta tsage, ban kuma taɓa nadama ba.

Tun daga ranar, abin da ba zan iya miƙa wa Baba ba, ba na miƙa wa uban kowa.