Sha Biyu da Uku

"Malam Sani, duk karatun nan naka uku kawai suka ba ka?"

Haka na faɗa, na tura masa wayata a kan teburin mamak, wato gidan shayi da abinci, a unguwar Wangsa Maju. Ƙungiyar da muke buga shogi, darar Japanawa, ta fitar da matakin kowa. Ni kyu sha biyu, shi kyu uku. Ranar Asabar za mu kara da 'yan Singapore, na riga na sanar cewa ni zan zauna a allon farko, kujerar gwanin gwanaye.

Malam Sani digiri na uku yake yi, ni a sakandare na tsaya, na gina shagon yadina a unguwar Masjid India da hannuna. Ranar ji nake na rama.

Ya kurɓi shayinsa, ya rage murya don kada na kusa su ji.

"Alhaji, kyu baya-baya ake ƙirga shi. Wanda ya fi iyawa, lambarsa ce ƙarama."

"To ni sha biyun fa?"

"Ka baro sha biyar ai. Ba laifi."

Na janye wayata. Tun tasowata abin da ya ƙaru nake kira ci gaba. Ban taɓa shiga inda sai an rage maka kake sanin ka matsa ba.

Da bakina na gaya wa ƙungiya a ba shi allon farko. Ni na ƙarshe zan zauna.

Ku a ina kuka taɓa karanta matsayinku a juye?