Ƙota Mai Gurbin Yatsa Uku

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Talata, bayan mun idar da la'asar. Mu uku ne a rumfar mai shayi da ke bayan layin maƙera a Omdurman: ni, da taubashina, da wani tsohon soja da ya dawo daga kudu da ɗingishi. Shekarun farko ne na mulkin soja, lokacin dokar hana fita, lokacin da mutum ba ya buɗe baki sai ya waiga.

Zan faɗi abin yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya, domin ban iya kwana-kwana ba.

Iyayenmu a gonakin audugar Jazira suka yi aiki. Can aka haife ni, can kuma injin gurzar auduga ya cinye mini yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya. Da na girma na dawo birni ina sayar da kayan yaji a kasuwa, na yi ɗaki biyu na laka a unguwar Dar Salam. A wannan shekarar ɓarayi suka shiga gidan maƙwabcina, suka fasa masa kai a gaban 'ya'yansa. Daga ranar na ƙudurta sai na mallaki ƙaramar bindiga. Matata ta ce ba ta so. Na ce ban nemi shawararta ba.

Sojan nan yana da guda ta sayarwa. Ya zaro ta daga cikin tsumma a ƙarƙashin benci, ya miƙo mini. Na karɓa, sai ta karkace a hannuna kamar kifi, ta kusa faɗuwa. Yatsan da ake jan kunama da shi ba ni da shi.

Taubashina ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Mai yatsa uku," ya ce, "kai da cokali ma sai ka lallaɓa shi, ina kai ina wannan? Ɓarawo zai zauna ya jira ka ka gyara riƙo?"

"Rufe baki, bawa," na ce. "Ubangidanka yana ciniki."

Shi ɗan ƙanwar babana ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara nake kiran sa bawana, shi kuma yana zagin hannuna, ba mai jin haushi. Maƙeri ne ɗan maƙeri. Yana da warsha, wato shagon ƙira, inda yake yin wuƙaƙe da fartanya da ƙofofin ƙarfe. Duk abin da ya ƙera sai ya buga masa tambarinsa, ɗigo uku a jere da ɗan layi a ƙarƙashi.

Kwana tara na yi ina auna abin. Idan na saya, an gama a rana ɗaya, kuma ba wanda ya sani sai sojan nan, baƙon da gobe zai bar gari. Amma ba ta zauna a hannuna ba, kuma ban san jinin wa ke kanta ba. Idan an ƙera mini, za ta zo daidai da ni, sai dai dole wani ya sa hannunsa a ciki. Na san da wannan. Na rubuta shi ma a bayan takardar ƙunshin barkono, na dube shi, na wuce.

Rana ta goma na je warsha da hantsi. Ban shigar da maganar ta ƙofar gaskiya ba, ta ƙofar wasa na shigar da ita, domin a wajenmu abin da taubashi ya nema cikin wasa ba a hana shi, wanda ya hana kuwa shi ne ya ɓata zumunci.

"Bawa, ubangidanka yana da aiki."

"Wuƙar yanka albasa?"

"Ka san abin da nake nufi."

Ya ajiye guduma. Ya ce, "Ni wuƙa nake yi da garma. Wannan aikin babana ya yi shi sau ɗaya don mafarauta, ya ce kada in gada."

"Ashe ba ka iya ba. Ka ce ba ka iya ba, in tafi wurin maƙeran gaske."

"Ka san na iya."

"To bawa ya ƙi ubangidansa ke nan. Zan faɗa wa gwaggo."

Ya daɗe yana kallona, ba ya dariya. Sannan ya fita bayan shago ya ɗebo yumɓu, ya kwaɓa, ya mulmula shi kamar ƙota. Ya ce, "Riƙe. Matse kamar kana jin tsoro." Na matse. Da na saki, ga gurbin yatsuna uku a jiki, ga fili inda ya kamata biyun su kasance.

Wata biyu ya yi yana aikin a ɓoye. Ƙotar da icen gabaruwa ya sassaƙa ta bisa wannan yumɓun, kunamar kuma ya daidaita ta da ɗaya daga cikin yatsun da suka rage mini. Ranar da na riƙe ta, ta kwanta a tafina kamar tare aka halicce mu. Na juya ta ina neman ɗigo uku, ban gani ba.

"Ina tambarin?"

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce. "Taka ce."

Ban taɓa harba ta ba. Wata bakwai ta yi cikin buhun gero a ɗakina.

Wata safiya matata ta dawo daga ɗibar ruwa ta ce an yi kasha a unguwar da ke gaba da mu, wato jami'ai sun bi gida gida suna bincike, kuma mata suna cewa daga nan sai mu, sai layin maƙera. Na ji duka biyun. Ina so a lura da wannan, na ji har da layin maƙera. Na naɗe bindigar a tsumma, na shiga mota, na kai masa. Na ce kunamar tana cijewa, ya duba mini. Ya ce in dawo jibi. Ya sa ta a ƙarƙashin tarin gawayi. Ban ce masa komai game da kasha ba. A hanya na gaya wa kaina maƙera suna da wuraren ɓoya da ni ba ni da su.

Gidana ba a zo ba. Jibin da na koma, da azahar, na tarar da motar jami'ai a bakin layi da mutane a tsaitsaye. Na shiga cikinsu. An fito da shi, gabansa duk baƙin gawayi. Wani jami'i yana riƙe da bindigar, yana ƙoƙarin daidaita hannunsa a ƙotar, ta ƙi.

"Ya zol, kai mutumin nan, wannan ta wa ce?" ya tambaye shi da Larabci. "Hannun wa aka yi wa wannan?"

A lokacin na zura hannuna na dama cikin aljihun jallabiya. Ban yi shawara ba, hannun ne ya tafi da kansa. Amma bai fito ba sai da motar ta tashi, wannan kuwa ni ne.

Taubashina ya gan ni. Idonsa ya sauka kan aljihun, ya koma kan jami'in. Ya ce, "Ba ta kowa ba ce. Icen ne ya tsage, na bi tsagar. Ni ba gwani ba ne." Mutumin da ban taɓa jin ya yarda wani ya fi shi ƙira ba. Daga baya na ga gutsattsarin yumɓun nan mai gurbin yatsuna a bakin ƙofa, an take shi da dunduniya.

Shekara huɗu ya yi a kurkuku. Warsha ta tafi, matarsa ta koma sayar da shayi, babbar 'yarsa ta bar makaranta. Nakan kai musu gero da kayan miya, suna yi mini godiya, ina karɓa.

Da ya fito na same shi a gidan ƙanensa a unguwar Alsawra, kwance a kan angarib, gadon igiya, yana tari. Hannunsa yana rawa, ko kofi ba ya riƙewa sosai.

"Ubangida ya zo duba bawansa," ya ce. "Zauna. Yanzu mun zama ɗaya, ka ga yatsuna goma ne amma ba sa aikin uku."

Na zo da niyyar neman gafara. Na shirya kalmomin tun a mota, na farko da na biyu da na uku. Kafin in fara sai ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka, ba wasa. Ranar da ka kawo ta, ka san za su zo layinmu?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai. "Haka nake gaya wa kaina a can," ya ce. Ya sa aka kawo mini shayi.

Da damina ta gaba ya rasu. Na san za su zo layinsu. Ban faɗa masa ba, ban faɗa wa gwaggo ba har ta bi shi, sai yanzu da nake rubutawa.

Mai karatu, ga abin da nake roƙo. Idan gidanku a Alsawra yake ko Dar Salam, ka shiga madafa ka ɗauki tsohuwar wuƙar da ke wurin, ka duba kusa da ƙota. In ka ga ɗigo uku da layi a ƙarƙashi, ka karanta wa wanda ya ƙera ta Fatiha. In kuwa ka san 'ya'yansa, ka kai musu wannan takarda su karanta, domin ni sau uku ina zuwa ƙofarsu ina juyowa.