Baffa Harisu Ba Ya Son Mutuwa a Hanya

Duk wanda ya san Baffa Harisu a unguwar Ƙuba ta Madina ya san abu biyu ba sa barin bayan motarsa: safayar taya da likkafani. Ƙanin babana ne, sana'arsa tseren mota a saharar wajen Jidda. Ba mutuwa yake tsoro ba. Tsoronsa ɗaya, kada ta riske shi nesa da Madina ya rasa kabari a Baƙi'a.

"To ka zauna a gida mana!" in ji matarsa, Inna Rabi.

"In zauna mu ci me? Ai shi ya sa nake zuwa na ɗaya. Su kofi suke nema, ni kuwa sauri nake in dawo."

Kofin ne kawai ke isowa gida, don ladan tseren a gareji yake ƙarewa. Ran nan ya dire mata wani mai hannu biyu, yana ta ƙyalli.

"Ina fulus ɗin?"

"Suna cikin injin."

"To sai mu dafa injin!"

Kashegari muka tarar ta jiƙa wake a cikin kofin. Ya leƙa, ya girgiza kai: "Mashallah! Wake bai taɓa samun daraja irin ta yau ba."

Muna dariya, amma ranar tsere ba mai iya cin abinci a gidan. Nakan hau soro in zuba wa hanya ido, duk ƙurar da ta tashi bayan itatuwan dabino sai zuciyata ta bi ta. Abokin zamansa a mota ya taɓa gaya mana wasiyyar da yake bari kafin a tashi: "In mun kife, kada ka duba ko ina numfashi sai ka shiga iyakar Haramin Madina. Abin da ba ka gani ba, ba ka sani ba."

Sai ga shi ba tsere ne ya kayar da shi ba. Biki muka je garin Yanbu, da hantsi ƙirjinsa ya riƙe. Aka ce a kai shi asibitin garin, ya rantse ba zai kwanta a can ba, sai dai Madina. Babana, wanda ko jaki kan wuce shi a hanya, shi ya kama sitiyari. Ina baya, hannun Baffa a cikin nawa, Inna Rabi na tofa masa addu'a.

"Yaya, taka! Yalla!"

"Harisu, akwai kwana!"

"Kwanar ta san ni. Taka!"

Baƙaƙen duwatsu na ta gilmawa ta taga, hannunsa na ƙara sanyi. Da muka wuce Badar ya yi shiru, shirun da ya fi ihunsa tsorata mu. Ban taɓa ganin Baba yana gudu haka ba, yana tuƙi yana kuka.

Da alamar iyaka ta koma bayanmu, Baba ya ce, "Harisu, mun shigo."

Ya buɗe ido ɗaya. "Alhamdu lillahi. Amma wallahi, Yaya, ba ka iya canja giya ba."

Bai kai la'asar ba.

Allah Ya jiƙanka, Baffa. Ka samu maƙwabtakar da kake so. Allah Ya sanyaya maka ƙasar Baƙi'a, Ya sa ka huta.