Ranar da Sahmin Kulu Ya Sauka

Kakan Kulu ya baro Haɗejiya a ƙasa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Omdurman, a nan aka binne shi. Tun tana budurwa ta ɗauki alkawarin ƙarasa masa tafiyar. Shekara ashirin da shida tana soya gyaɗa tana niƙa dakwa a unguwar Umbadda ta Omdurman, duk abin da ta rage sai ta mayar da shi awarwaron zinare ta zura a hannu. Banki kuwa, ko ƙofarsa ba ta taɓa takawa ba.

Zubairu ɗan wanta ne. Ita ta goya shi da uwarsa ta rasu, ita ta saya masa takalmin da ya je neman aiki a wani banki a Khartum. Wata Juma'a ya zo cin abinci, yana ci yana kallon hannunta.

"Gwaggo, zinare barci yake yi. A wurinmu akwai ajiyar da ake ɗauka kullum, akwai ta shekara, akwai kuma sahmi, wato ki sayi yanki a kamfani. Wannan shi ne mai haihuwa."

"Haihuwa kamar akuya?"

"Har tagwaye."

Ta tuɓe awarwaro bakwai, ya kawo mata takarda mai hatimin wani kamfanin mai.

Bayan wata huɗu ya buga mata waya, yana sauri. "Gwaggo, sahminki ya sauka." Kulu ta ce, "Lafiya dai ya sauka?" Ya ce lafiya, ya kashe. Ya san sarai abin da ta fahimta, domin a bakin matan gidansu mai ciki ce take sauka. Ya bar ta a haka.

Ta raba dabino gida-gida, ta soma tambayar kuɗin kujerar hajji. Ni'mat, malamar makarantar da ke maƙwabtaka da ita, ta ci dabinon tukuna, sannan ta ce, "Ya hajja, saukar kasuwa ba ta mata ba ce. Faɗuwa ce."

Washegari Kulu ta haye gada a bas zuwa Khartum, ta same shi a ofis cikin sanyin na'ura. Ya ba ta kujera, ya juya zuwa Larabci, ya yi mata bayani kamar baƙuwa: in masu sayarwa suka fi masu saye yawa, farashi sai ya faɗi.

"Yi mini Hausa. Su wa suka sayar?"

"Waɗanda suka ji labarin kamfanin da wuri."

"Kai ka ji?"

Ya gyara alƙalaminsa a aljihu.

"Naka sahmin da kake mana alfahari da shi bara, wa ya saya?"

Kulu ta dubi takardar da ke hannunta, ta dubi fuskarsa, ta gane nasa ne ya juye mata.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, watakila ya hau."

"Gwaggonka tana Umbadda. Wadda ke gabanka mai sayen kaya ce. Sayar mini da shi yau."

Abin da aka ba ta bai kai kuɗin awarwaro biyu ba. A shekarar ta raka maniyyatan unguwa har bakin mota, ta ba kowa dakwa a leda, ta ce in sun isa su ambaci sunan kakanta, Badaru, domin ita gwiwarta ba za ta ƙara shekara ashirin a gaban kasko ba.