Ɗan Ƙwallon Brazil da Ke Gadon Gefena

Assalamu alaikum. Masu cewa Nasiru ya yi kuɗi ya daina ɗaga waya, na ji, kuma na yafe muku. Jinya na yi. Sai yau na ji zan iya magana.

Abin ya faro ne daga ƙwallon da muke bugawa ran Lahadi a unguwar Tremont, nan New York. Wani mutumin Kumasi ya taka min ƙafar hagu, ta kumbura.

Na yi abin da muka taso muna yi tun a filin unguwa a Kano. Na tafasa ruwa, na tsoma tawul na gasa wajen, na shafa man zafi na ɗaure tamau. Washegari na fita aikin tasi.

Ban san ina da ciwon suga ba, balle in san ya riga ya kashe min jin ƙafa. Ruwan ya dafa min fata ban ji komai ba, har ina yabon kaina wai ni mai juriya.

Wajen ya yi bororo, ya fashe, ya fara wari. Matata Hadiza ta gaji ta ce, "Baban Amira, wallahi ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in kira motarsu ta zo ta ɗauke ka."

Aka kwantar da ni. Ɗibar jini, hoton ƙashi, ƙarin ruwa, allurai. Kullum da safe a zo a kankare naman da ya mutu. Tasi a ajiye, inshora ba komai take ɗauka ba, mai gidan haya kuwa bai san wani abu jinya ba.

Sai likitar da ke duba ni ta zauna a bakin gadona ta ce ciwon ya shiga ƙashi. "Ko mu yanke daga ƙasan gwiwa yanzu, ko ya bi jini ya kashe ka."

Na ce a'a. Yayana Sani ya kira daga Kano ya ce, "Kada ka kuskura ka sa hannu. Mutanen nan yanka ba ya musu wuya. Ka dawo gida a yi na gargajiya." Dama abin da nake son ji ke nan.

Gaskiya a lokacin na fi son a kai ni kabari da ƙafata biyu.

A gadon gefena akwai wani dattijo ɗan Brazil da ake kaiwa wankin ƙoda. Ba zan faɗi sunansa ba. Turancinsa a karye, nawa ma ba a miƙe yake ba, sai muka daidaita. Da ya ga ina kallon wasa a waya, ya ce ai ƙwallo ce sana'arsa. Na ce a raina, kowane ɗan Brazil haka zai faɗa. Sai ya nuna min hotunansa cikin rigar kulob, fili cike da jama'a.

A unguwar talakawa ya taso, yana bugawa ba takalmi. Kulob ya ɗauke shi tun gemu bai fito masa ba, ɗan gaba ta gefen dama. Ya buga a gida, ya buga a rukuni na biyu a Turai, sannan ƙasar Larabawa. Yana kan ganiyarsa idon sawunsa ya samu matsala. Kafin kowane wasa sai an yi masa allurar kashe zafi, bayan wasa ya haɗiyi ƙwayoyi, don in ya zauna a benci wani zai gaje shi, ga shi duk gidansu da ƙafar nan suke cin abinci. Da ƙafar ta ƙi, aka sallame shi. Ya zo New York koyar da ƙwallo, ya ƙare a fentin gidaje. Ƙwayoyin nan su suka cinye masa ƙoda.

Duk zamana ban ga wanda ya zo duba shi ba.

Ranar da ya ji na sake ce wa likita a'a, ya bari ta fita, ya ja labulen da ke tsakaninmu. Ya yaye bargo ya nuna min ƙafafunsa, a kumbure suntum. Ya ce, "Ka ga nawa? Duk biyun suna nan. Saboda su na ba da ƙodata. Yanzu ko banɗaki ba sa kai ni." Sannan ya nuna bakin ƙofa, inda 'yata Amira take tsaye da jakar makaranta. Ya ce, "Waccan ba ƙafa take zuwa gani ba."

Na juya wa bango fuska na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Da la'asar na sa hannu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, raina bai yi sanyi ba. Na farka ina jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su. Na sha faɗuwa wajen koyon tafiya da ƙafar roba. Sallah a kan kujera nake yi, a gefen tsofaffi. Lahadin da ta wuce na je filinmu, na kasa fitowa daga mota.

Amma miki ya warke, suga ya sauka, na koma tuƙi tunda ƙafar dama ce ke taka birki. Alhamdulillahi.

Hadiza, Allah Ya biya ki. Jama'ar masallacinmu da kuka riƙe min gida, Allah Ya rufa muku asiri.

'Yan uwa, ku je a gwada muku suga ko da kuna jin kanku garau. In kuna da shi, kada ruwan zafi ya taɓa ƙafarku, kuma ku riƙa duba tafin kullum. Masu shan ƙwayar kashe zafi don su fita aiki, ku tausaya wa ƙodarku.

Babbar godiyata ta maƙwabcin gadona ce. An mayar da shi gidan jinya, yana jiran ƙodar da ba lalle ya samu ba. Ran Juma'a na kai masa farfesun Hadiza, nas ta ce ba zai ci ba saboda gishiri. Sai ya ce in tashi in zaga ɗakin ya gani. Na zaga ina ɗingishi. Ya ce in sake. Na sake.

Ya ɗaga hannuwansa da ƙyar, ya tafa min.