Ɗorawar Inna da Jan Fenti

Gonar da Inna ta bar mini tana bayan Maska, a bakin gandun daji. Ba wata gona ba ce, amma akwai itatuwan ɗorawa manya a cikinta, kuma da kalwarsu nake daddawar da nake kaiwa kasuwar Funtua.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin wasu ma'aikata suka zo da igiyar awo. Shugabansu Bayerabe ne haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa. Suna zagaya igiyar a jikin kowace bishiya daidai ƙirjin mutum, sai su shafa mata jan fenti. Na tambaye shi amfanin wannan aiki.

"Mama, bishiya tana shan hayaƙin da ke cikin iska, da shi take ƙiba," in ji shi. "Baɗi za mu dawo mu ga abin da ta ƙara. Wata rana Turawa za su biya masu itatuwa don kada su sare."

Na yi dariya, na kawo musu ruwa.

Ɗan kawuna suka bar wa tsaron itatuwan, suka ba shi hula da keke. Tare muka tashi a gida ɗaya, Yaya nake ce masa. Da bazara ina kaɗo ɗorawa sai ga shi.

"Ba ki ga fenti ba? Na hukuma ne yanzu."

"Yaya, ɗorawar Inna ce fa."

Ya sa ƙafa ya kifar da kwandona a gaban matan da ke wurin. Na tsince ɗorawata na koma gida. Bayan damina na je gona na tarar da kututture. Ashe Yaya ya sayar wa masu sassaƙar turmi itatuwan, har da babbar wadda Inna take shimfiɗa tabarma a gindinta. Mijina ya ce a kai ƙara wurin dagaci. Na ce a'a. Dagaci zai ce mu 'yan'uwa ne, a yi haƙuri, ni kuwa ba haƙuri nake nema ba.

Na ci gaba da gaishe shi. Ranar sunan 'yarsa ma ni na daka gero.

Da lokacin awo ya matso, na gan shi da gwangwanin fenti yana shafa wa wasu itatuwa can cikin gandu, don adadi ya cika. Ranar da motar ma'aikatan ta iso, na sa zanena na biki, na tsaya a bakin hanya, na tare shugaban yana tare da Yaya.

"Malam, ka gane ni? Zo ka ga yadda itatuwanka suka yi ƙiba."

Yaya ya ce hanya ta wancan gefen take. Shugaban ya dube shi, ya biyo ni. Na tsaya a kan babban kututturen, na miƙa hannu.

"Kawo igiyar, Yaya. Kai za ka auna."

A wurin suka karɓe hular da keken. Da ƙafa ya koma gida, ni kuma ina biye da shi a hankali, ina gaisawa da duk wanda muka gamu da shi.

Kawu ya turo dattawa har sau biyu a kan in yafe. Na dafa musu tuwo, na raka su zaure, ban ce na yafe ba. Daga baya Yaya ya koma sayar da albasa a kasuwar Danja. Duk ranar da na je, wurin maƙwabcinsa nake saye, kuma ba na neman ragi.