Ɗigon Madara a Kan Farce

Tun da aka kawo Rodu gidan mijinta Sofronis, a ƙauyenmu na kan duwatsun Fafos, ba ta taɓa mallakar akuya fiye da ɗaya ba. Akuya ɗaya kuwa ba ta cika tukunyar cukun halumi, shi ya sa matan unguwa suke adashen madara. Kowace safiya kowa ta kai abin da ta tatsa gidan mai ɗauka, ita kuma ta dafa cukunta na shekara, ta naɗe shi da na'a-na'a, ta jera a tulu cikin ruwan gishiri. Ragowar madarar a bar ta ta yi tsami, a kwaɓa da ɓarzajjiyar alkama, a shanya tarahana saboda lokacin sanyi.

Rodu ba ta taɓa fashi ba. Ko ranar da aka sauko da Sofronis daga gonar inabi ɓarin jikinsa ya shanye, sai da ta kai madararta. Tun daga lokacin ba abin da yake wuce masa maƙogwaro sai madara da romon tarahana mai ɗan halumi a ciki. 'Ya'ya kuwa suna can ƙetaren teku, sai gaisuwa.

Sai shekarar fari ta zo, ga akuyar ta tsufa. Rodu ta sassabo mata ganyen zaitun, ta raba burodinta da ita, ta yi mata magiya kamar mutum, amma hantsar kullum sai ƙara yamushewa take. Ƙa'idar adashen kuma ba ta san fari ba: wadda ba ta cika kwanon awo ba ta rasa ɗaukarta, ga shi Rodu ce ta ƙarshe a layi. Tsoro ya hana ta sukuni, don in ba halumi ba tarahana, Sofronis ba zai ga ƙarshen sanyi ba.

Ranar farko cokali biyu na ruwa ta ƙara a madarar. Abin da aka fara da cokali kuwa, da ludayi yake ƙarewa.

Ana saura kwana kaɗan ɗaukarta, ta tarar da mata sun yi cirko-cirko a tsakar gidan Agatu, uwar adashen. Agatu ce ta tsaya mata ranar aurenta, shi ya sa suke kiran juna kumera.

"Cukuna jiya ya ƙi kamawa," in ji Ksenu, mai bakin da ba ya shiru. "Wata a cikinmu rijiya take tatsa, ba akuya ba!"

"Ke dai Ksenu, rufa mana baki," in ji Agatu. "Kowa ta kawo kwanonta."

Ta riƙa ɗiga madarar kowa a kan farcen babban yatsanta. Madarar kirki takan tsaya cak kamar ƙwayar dutsen ado. Ta Ksenu ta tsaya, ta sauran ma haka. Ta Rodu ko numfashi ba ta jira ba, ta gangare.

"Kumera, don girman Allah," in ji Rodu. "Kin san halin da yake ciki. Ki bar ni in ɗauka, baɗi in biya ninki."

"Haba kumera! Da rabin kwano kika kawo min, da na cika miki daga tawa, ba mai ji ba mai gani. Amma tukunyar mutane kika zuba wa ruwa. Yanzu me zan ce musu?"

Ba wadda ta zage ta, har Ksenu, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Agatu ta miƙa mata kwanonta da hannu biyu, idonta a ƙasa.

Rodu ta hau gangaren gida ba ta ko ganin hanya. Ta ɗumama madarar, ta tallafi kan mijinta, ta kai masa baki.

"Yau ba ki kai ba?" ya tambaya da karkataccen bakinsa.

"Sun ce yau ka sha abinka."

Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ɓata fuska.

"Rodu, wace marar tsoron Allah ce ta ba ki wannan? Ai rabinta ruwa ne."